Abdullahin Gwandu: Malamin da yunwa ta koya wa yadda ake rabo

Idan damina ta yi nauyi a Jihar Kebbi, Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, fadamun Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza na cikin waɗanda ke fara shan ruwa. An gani a 2010, an sake gani a 2012, sannan a 2020 ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa ana gab da girbi.

Bayan ruwa ya janye sai motocin agaji su iso da shinkafa da masara da tabarmi da kwanon rufi. Kayan ba sa isar kowa da kowa. Nan ne ake shiga rigima ta biyu: sunan wa za a rubuta, wane ƙauye za a fara kai wa, kuma wa zai riƙe mudun rabo?

A garin Gwandu, hedikwatar ƙaramar hukumar da Malisa ke ɗaya daga cikin mazaɓunta, akwai kabarin wani malami da waɗannan tambayoyi suka dame shi fiye da shekara 200 da suka wuce. Shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu.

Akasarin mutane sun san shi a matsayin mai tafsiri, masanin Larabci kuma jagoran yaƙi. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗa ba. Ya ga abin da yunwa ke yi wa jama'a idan babu ƙa'idar rabo, abin ya yi masa zafi har ya bar gida, daga baya ya zauna ya rubuta yadda ya kamata a tara dukiyar al'umma da yadda za a raba ta.

Ƙanen da ya zama almajirin wansa

An haifi Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta zo daidai da 1766, a ƙasar Gobir. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo malami ne daga Fulanin Toronkawa, kuma a wurinsa ya karanta Alƙur'ani. Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12.

Yana da shekara 13 aka miƙa shi ga wan nasa. Tun daga lokacin ya zama almajirinsa kuma abokin tafiyarsa. Ya bi shi yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara, inda suka yi shekaru suna karantarwa.

Ya kuma yi karatu wurin kawunnansa da wasu malamai, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umar. Daga baya ya jera sunayen malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu a cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi. Ya yi zurfi a nahawu da sarfu da hadisi da fiƙihun Malikiyya, wanda a cikinsa ake koyar da hukuncin zakka da ganima da baitulmali.

Darasin farko a kan dukiyar masu mulki ya same shi yana saurayi. A wajajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi. A madadinta ya nemi abubuwa 5, daga ciki har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. Abdullahi yana wurin, ya ga yadda aka yi.

Hijira da yunwa

Bayan rasuwar Bawa, dangantaka ta yi tsami tsakanin sarakunan Gobir da jama'ar Shehu. Nafata ya kafa dokokin da suka takura musu. A zamanin Yunfa aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana, aka kama da yawa. A watan Fabrairun 1804 Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel suka yi hijira zuwa Gudu.

A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ne kuma ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto cikin watan Yunin 1804, inda suka yi galaba a kan mayaƙan Yunfa.

Nasarar ba ta cika wa kowa ciki ba. Waɗanda suka yi hijira sun baro gonakinsu da rumbunansu. Damina ta same su a filin daga, ba a gona ba. Ga mata, ga yara, ga tsofaffi, ga dabbobi, kuma kullum sababbin mutane na ƙara shigowa. Ta wannan fuska jama'ar ta yi kama da sansanin 'yan gudun hijira mai tafiya da ƙafafunsa.

A ƙarshen 1804 aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka kashe kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Neman abinci na cikin dalilan da suka sa suka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Daga can Abdullahi da Aliyu Jeɗo suka jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi a watan Afrilun 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. A cikin shekarar ne jama'ar ta sauka a Gwandu, kusa da fadamun Kabi masu albarka.

A shari'a, rabon ganima yana da lissafi. Ana cire kashi 1 cikin 5 a kai baitulmali, a raba sauran ga mayaƙa. A mazhabar Malikiyya mai doki yana samun kaso 3, na ƙasa kaso 1. Tun a yaƙe-yaƙen farko aka ga mutane na kwasar abin da suka samu kafin a yi lissafi, har Shehu ya ɗora amininsa Ummaru Alkammu a kan aikin ma'aji. Amma ma'aji ɗaya ba zai iya tare dubban mayunwata ba.

Ranar Kwalda

Abin da ya fi tsaya wa Abdullahi a rai ya faru a ƙarshen 1805. Gobirawa da Kabawa da Azbinawa sun haɗa kai sun nufo Gwandu, rundunar Shehu ta fita tarye su. A hanya ta biya ta garin Kwalda, wanda ke zaman amana da jama'ar Shehu.

Mayaƙan suka afka wa garin suka kwashe abin da ke ciki. Abdullahi da Muhammadu Bello, ɗan Shehu, suka yi iya ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba. Bello ma ya kusa rasa ransa a hannun mutanensa.

Bayan haka rundunar ta isa Alwasa, a bakin gulbi, aka yi mata kaca-kaca. An rasa kimanin mutum 1,000. Abokan gaba suka biyo su har Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa, aka yi kwanaki ana gwabzawa kafin a kore su.

An tsira da gari, amma Abdullahi bai manta Kwalda ba. A ganinsa jama'ar da ta fito don kawar da zalunci ta fara cin dukiyar wanda ya amince mata. Cikin shekaru biyu da suka biyo baya, da ƙasa ta fara buɗewa, sai ya ga yunwa ta ragu amma kwaɗayi ya ƙaru. A waƙoƙinsa ya koka da masu neman sarauta, masu tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakin ado, masu cin hanci da ganima, da masu sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi.

Ya bar runduna ya nufi gabas

A wajajen ƙarshen 1807, runduna na kan hanyar Alƙalawa, Abdullahi ya sulale da mutum 5 ya kama hanyar gabas. Niyyarsa ya tafi Makka da Madina, ya bar musu mulkin. Ya ba da labarin cewa sun yi kwana 3 a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye.

Da ya isa Kano, inda jama'ar Shehu suka riga suka karɓi mulki, sai mutanen garin suka hana shi wucewa. Shugabanninsu ba su daɗe da hawa ba, kuma ya ga alamun irin cutar da ya gudo wa. Suka roƙe shi ya rubuta musu littafin da za su riƙa dubawa wajen hukunci da tafiyar da mulki.

Ya amsa. Ya yi musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta Liya'ul Hukkami, littafin da ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarin mulkin Daular Usmaniyya. Wa'azinsa ya shiga har wasu suka mayar da kangon gangunansu abin zuba wa dawaki harawa. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wurin wansa. A watan Oktoban 1808 aka ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa.

Ba shi ne malami na farko da ya rubuta wa mahukuntan Kano irin wannan littafi ba. Fiye da shekara 300 kafin nan, Shehu Muhammadu al-Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta nasiha a kan wajiban sarakuna. Abdullahi ya dogara sosai da rubuce-rubucen Magili da littattafan Malikiyya, a Liya'ul Hukkami da kuma Liya'us Sulɗani da ya rubuta daga baya. Abin da ya ƙara shi ne idon mutumin da ya ga Kwalda.

Yadda tsarin rabon yake

A wannan tsari dukiyar al'umma gida biyu ce. Gida na farko zakka, wadda Alƙur'ani ya riga ya faɗi masu cin ta su 8 a Suratut Tauba: faƙirai, miskinai, ma'aikatan zakkar, waɗanda ake lallashin zukatansu, bayin da za a 'yanta, masu bashi, tafarkin Allah, da matafiyin da guzurinsa ya ƙare. Gida na biyu sauran kuɗin baitulmali, wanda shugaba ke kashewa a kan maslahar jama'a.

Ka'ida ta farko ita ce, ba dole ba ne a yanka zakka gida 8 daidai wa daida. Ana duba wanda buƙatarsa ta fi tsanani a fara da shi, sannan mai bi masa. Ana iya ba wani fiye da wani gwargwadon halin da yake ciki. Littafin Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda malaman ƙasar Hausa ke karantawa har yau, ya ƙarfafa fifita wanda ke cikin matsi.

Ta biyu ta shafi wuri. Ana raba zakka a inda aka tara ta, ba tare da jinkiri ba. Duk garin da bai kai nisan da ake yin sallar ƙasaru ba, wato mil 48, ana ɗaukarsa gida ɗaya ne. Amma idan akwai wani wuri mai nisa da mutanensa suka fi shiga wahala, sai a bar wani abu a gida, a kai musu kaso mafi tsoka.

Ta uku ta shafi ɗauko da kaiwa. Ladan masu jakuna da raƙuma ba ya fita daga cikin hatsin talakawa. Baitulmali ne ke biya. Idan baitulmali babu komai, sai a sayar da hatsin a nan, a je can a sayi irinsa a raba.

Ta huɗu ita ce ajiya. A gida na biyu ana fara kashewa a kan tsaron ƙasa, sai albashin alƙalai da malamai da sauran masu yi wa jama'a aiki, sai matalauta, mafi buƙata kafin mai bi masa, har a game maza da mata, yara da manya. Idan an samu rara, ana ajiye wani abu saboda masifar da ka iya aukuwa, da biyan bashin waɗanda suka gaza, da fansar waɗanda aka kama.

Ta biyar ita ce abin yi ranar da masifa ta zo baitulmali na wayam. A nan ya halatta shugaba ya nemi gudummawa daga jama'a, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Sharaɗin shi ne masifar ta zama ta al'umma ce, ba matsalar kujerar sarki ba, kuma da zarar ta wuce a daina karɓa. Ba a yarda gudummawar gaggawa ta rikiɗe ta zama haraji na dindindin ba.

Shi kuma wanda bala'i ya cinye wa dukiya, ko da jiya mai hali ne, fiƙihun da Abdullahi ya karantar bai rufe masa ƙofa ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya halatta wa irin wannan mutum neman taimako har ya samu abin da zai tsaya da ƙafafunsa.

A gwada da buhu 100

Don a gane yadda ƙa'idojin ke aiki, a ɗauka an tara buhu 100 na gero a Malisa bayan kaka. A ɗauka kuma a wannan shekarar ruwa ya shanye gonakin wani ƙauye a fadamar Kalgo, gidaje sun rushe, rumbuna sun jiƙe.

Malisa na da nata matalautan, kuma suna da haƙƙi, don a gabansu aka tara hatsin. Tsarin bai ce a manta da su ba. Amma bai yarda a ce tunda geron na Malisa ne, mutanen fadama su yi ta kansu ba. Ko an ɗauki wuraren biyu gida ɗaya, ko an ɗauke su nesa da juna, wanda ya kwana bai ci ba shi ne a gaba.

Da hatsin ya isa ƙauyen, ba za a ƙirga ƙofofi a ba kowane gida mudu 10 ba. Gwauruwa mai marayu 6 da ɗakinta ya faɗi ba ɗaya take da magidancin da ya rasa gona ɗaya amma yana da wata a tudu ba. Kuɗin motar da ta kai kayan kuma ba za a cire shi ta hanyar rage buhu 5 a hanya ba.

Rabon daidai wa daida ya fi sauƙi, ya fi kuma kawar da surutu a ranar rabo. Rabon gwargwadon buƙata yana neman a san mutane, a shiga gida gida, a rubuta. Shi ya sa tsarin ya ɗora nauyi mai yawa a kan mai rabon.

Wa ke tsaron mai rabo?

A nan ne Abdullahi ya fi tsanantawa. A tsarin da ya bi, shugaba na buƙatar amintattun ma'aji da marubuta da masu lissafi. Kafin a naɗa ma'aikaci ana ƙididdige abin da ya mallaka, sannan a riƙa bibiyarsa. Idan dukiyarsa ta ƙaru fiye da abin da ake biyansa, a karɓe rarar a mayar baitulmali. Wannan koyi ne da Sayyidina Umar, wanda ya riƙa raba dukiyar wasu gwamnoninsa biyu yana mayar da rabi.

Kyautar da ake kai wa mai muƙami saboda muƙaminsa haramun ce. Haka sayen sarauta ko alƙalanci da kuɗi, domin wanda ya saya sai ya fanshe a jikin talakawa. An kuma ja kunnen shugaba kada ya shige gida ya bar fadawa su zama idonsa da kunnensa, saboda mai kuka ba zai iso gare shi ba.

Misalin da malamai ke yawan kawowa shi ne shekarar fari da aka yi a Madina a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka. Sayyidina Umar ya nemi abinci daga Sham, ya sa aka ƙirga waɗanda suka kwararo birni, aka riƙa dafa musu, shi kansa ya daina cin nama da man shanu har aka samu sauƙi.

Bai kamata a ɗauka cewa zamanin Abdullahi ya tafi daidai da littafinsa ba. Zamani ne na yaƙi, kuma wani ɓangare na abin da ke shiga baitulmali ganima ce, cikinta har da mutanen da aka bautar. Kokensa da kansa shaida ne cewa sau da yawa ba a bi ƙa'idar ba. Ya rubuta ta ne saboda ya ga ana taka ta.

Saɓani da 'yan uwa, da sulhun Kalambaina

Tsananinsa ya jawo muhawara har da wansa. Abdullahi ya ƙi jinin a kira shugaba da sunan sarauta irin ta da, ya ƙi gadon mulki daga uba zuwa ɗa, ya ƙi kiɗe-kiɗen fada da tufafin alfarma. Shehu ya ɗauki matsayi mai sassauci a wasu daga cikin waɗannan, suka yi ta mayar wa juna da amsa a rubuce, cikin ladabi.

Bayan Shehu ya koma Sifawa, a 1812 ya raba kula da ƙasa gida biyu. Gabas ta koma hannun Bello, yamma ta koma hannun Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga. Daga wannan rabo ne Masarautar Gwandu ta samo asali, wadda daga baya ikonta ya kai Nufe da Ilori, da Sayi a Nijar ta yau, da Liptako a Burkina Faso.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Kafin Abdullahi ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya kuma tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya ya koma Gwandu. An yi shekaru tsakaninsu babu daɗi.

A wajajen 1821 mutanen Kalambaina, inda ragowar magoya bayan Abdussalami suka taru, suka yi wa Gwandu tawaye. Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, aka ci garin. Masu tarihi sun kawo cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da haka rigimar ta mutu.

Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya bar gomman littattafai. Akwai Tazyinul Waraƙati na 1813, inda ya tara waƙoƙinsa da tarihin abin da ya gani. Akwai babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da taƙaitaccensa Kifayatu Lu'afa'is Sudan. Akwai Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita.

Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, yana da shekara fiye da 60. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sannan Halilu, wanda a zamaninsa Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ziyarci Gwandu a 1853. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu har yau, kuma fadar da ke Birnin Kebbi sunansa take ɗauke da shi.

Tambayoyinsa a hannun masu kwamfuta

A yau rabon agaji ya zama fanni na ilimi. A 1965 ƙungiyar Red Cross ta amince da manufofinta a birnin Biyana, ciki har da cewa ba a duba ƙabila ko addini ko siyasa, kuma a fara da wanda halinsa ya fi gaggawa. A watan Disambar 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 46/182, wanda ya shimfiɗa tsarin haɗa kai wajen agajin gaggawa. Najeriya ta kafa hukumar NEMA a 1999, jihohi kuma suka kafa nasu.

Akwai ma'aunai da ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, kamar lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, da abincin da zai ba shi kalori 2,100. Tun bayan igiyar tsunami ta 2004 da girgizar ƙasar Haiti ta 2010, masana lissafi suka ƙara duƙufa wajen tsara manhajojin da ke nuna inda ya kamata a ajiye kaya, hanyar da mota za ta bi, da yawan abin da kowane gari zai samu.

Waɗannan manhajoji suna auna abubuwa uku da ke jan juna: adalci, sauri da tsadar jigila. Idan aka ce a rage kuɗin mota kawai, garuruwan bakin titi za su samu, ƙauyen da ke bayan gulbi ya jira. Idan aka ce kowa daidai, wanda ya rasa komai zai tashi da abin da bai kai masa mako ba. Kwamfuta tana yin lissafin, amma mutum ne ke gaya mata abin da za ta fifita.

Wannan zaɓin ne Abdullahi da malaman da ya bi suka riga suka yi magana a kai. Mafi buƙata a gaba. Na kusa yana da haƙƙi, amma bai rufe na nesa ba. Kuɗin hanya ba ya fita daga kwanon talaka. A yi ajiya tun kafin ruwa ya zo. A ƙirga dukiyar mai rabo kafin a ba shi mabuɗi, a sake ƙirgawa bayan ya gama.

Ta ƙarshen ce ta fi wuya, kuma babu manhajar da ke maye gurbinta. A watan Oktoban 2020 an ga yadda jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama, bayan an daɗe ana zargin cewa an ɓoye kayan. Idan mutane suka daina yarda da mai rabo, layi ba ya tsayuwa.

Gulbin Rima zai sake cika, wata shekarar ko wadda ke bi mata. Ranar da mota ta tsaya a ƙofar mai gari a Kalgo ko Malisa, hakimai da dagatai da limaman da za a kira su zauna a kan takardar sunaye, akasarinsu a ƙarƙashin masarautar da Malam Abdullahi ya kafa suke. Littattafansa na nan a zaurukan malamai da ɗakunan karatu na Sakkwato da Kano da Zariya, ga duk wanda ke son dubawa kafin a kwance bakin buhu na farko.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya kyauta makwancinsa.